Ka Koma Ka Yi Mastas Mana

A unguwarmu, kuma na san haka abin yake daga Kano zuwa Zariya har Sakkwato, da zarar yaro ya dawo daga bautar ƙasa ya yi wata biyu uku yana zaune, shawara iri ɗaya za ta fara binsa. A ƙofar masallaci a faɗa masa, a teburin mai shayi a faɗa masa, in ya shiga gaishe da goggonsa ita ma ta ƙara da nata: “Ɗan nan, tun da aikin bai samu ba, ka koma ka yi mastas mana, ya fi zaman nan.” Shawara ce ta ƙauna, kuma ina jin daɗin yadda karatu ya samu wannan daraja a bakinmu. A da, mai digiri ɗaya ma abin nuna wa baƙo ne a unguwa. Yau ga shi tsofaffinmu mata sun san akwai na biyu, akwai na uku, har suna tura jikokinsu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke shiga. Muna sayen fom tun ba mu san abin da za mu je nema ba. Jami'a ta buɗe shafinta, labari ya zaga a WhatsApp, a ruga kafen intanet, a biya kuɗi, a zaɓi kwas. Wani lokaci ma mai kafen ne zai ce, “Yaya, ka cike wannan, ya fi saurin samuwa.” Daga ranar kuma tambaya ɗaya ce a bakin kowa: sunanka ya fito? Da wuya ka ji an ce da yaro, me kake so ka bincika, wa zai duba maka aikin, da me za ka riƙe kanka har ka gama. Waɗannan ukun kuwa su ne suke raba wanda zai kammala da wanda zai bari a hanya.

Ba dalili ɗaya ke kai mu ba. Akwai matashin da ke jiran aiki. Akwai ma'aikacin gwamnati da ke hangen ƙarin girma kafin ritaya. Akwai malamin jami'a ko na kwaleji da ya san in babu digiri na uku, wato digirin digirgir, a hannunsa, akwai matakin da ba zai taɓa wucewa ba. Akwai kuma wanda kawai yake sha'awar a kira shi Dakta, kuma ni ban ga abin kunya a nan ba, burin mutum ne. Sai dai kowane dalili da hanyarsa, mu kuma mukan zuba su duka a hanya ɗaya. Jami'o'inmu suna da mastas iri biyu. Akwai na ma'aikata, irin su MBA da makamantansa, wanda yawanci a ƙarshen mako ake yi, kuɗinsa ya fi yawa, bincikensa kuma taƙaitacce ne. Akwai na ilimi zalla, wanda sai ka rubuta cikakken kundi ka kare shi gaban malamai. A mafi yawan jami'o'i wannan na biyun ne ke buɗe ƙofar digiri na uku, kuma ko shi ɗin ma sai makinka ya kai wani mataki, da yawa suna neman kamar 3.5 cikin 5. Wani maƙwabcinmu ya yi na ma'aikatan, ya yi walima, muka ci muka yi addu'a. Da ya je neman na ukun aka ce masa sai ya sake wani mastas ɗin daga farko. Ranar da yake ba mu labari, abin da ya fi maimaitawa shi ne, “Wallahi da wani ya faɗa mini tun farko.” Alhali a layinmu akwai malaman jami'a da yake gaisawa da su kullum. Bai tambaya ba, su ma ba su san yana shirin ba.

Haka mai babbar difloma, ko wanda ya fita da daraja ta uku, yawanci sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri tukuna. Wannan ba faɗuwa ba ce, shekara ɗaya ce ta ƙari, amma gara mutum ya sa ta a lissafi tun daga farko.

Sai maganar takardu, inda muke da wata matsala tamu ta kanmu. Sunayenmu. A takardar firamare yaro Muhammadu ne, a ta sakandare an rubuta shi da wani salon, a ta jami'a an taƙaita shi, a katin ɗan ƙasa kuma an ƙara sunan garinsu. Ranar haihuwa ma wani sa'in biyu ce. Duk wannan yana kwance lafiya har ranar tantancewa, sannan a fara zaryar kotu ana neman takardar rantsuwa. Ga kuma cikakken sakamakon nan na shekara-shekara da tsohuwar jami'arka za ta aika wa sabuwar, wanda kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ga wasiƙun shaida daga malaman da suka koyar da kai, waɗanda muka rabu da su ko sallama babu, sai ranar buƙata mu bayyana muna cewa, “Ranka ya daɗe, ka gane ni kuwa?” Ga kiredit biyar na sakandare, har da Turanci, a fannoni da yawa har da lissafi, da kan dawo ya tare mutum bayan shekaru. Wanda ya fara tattara waɗannan shekara guda kafin fitowar fom, ya huta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake zubewa shi ne wajen bincike.

Shekarar farko kowa yana nan. Ana lakca, ana jarrabawa, aji cike, an buɗe zaure a waya ana ta tura saƙo. Abin da muka saba ne tun muna yara: malami ya faɗa, mu rubuta, mu haddace, mu mayar masa. Da an gama wannan aka ce kowa ya kawo abin da zai bincika, sai aji ya watse. A nan ne mutum yake gane cewa babu mai buga masa ƙararrawa, babu ranar jarrabawa da za ta tilasta shi ya zauna. Sai ka ga an ɗauko kan magana uku daga intanet an kai wa malami ya zaɓa, ko a ɗauko kundin wani a canza sunan ƙaramar hukuma. Mutum ba zai iya zama da tambayar da ba tasa ba har shekara biyu. Zai gaji da ita, kuma gajiyar ce muke fassarawa da cewa malami ya riƙe shi.

Ba na cewa babu malaman da ke riƙe ɗalibai. Akwai, kuma duk wanda ya yi karatun nan ya san labarin babin da ya kwana wata da watanni a kan tebur. Amma in za a yi adalci, malami ɗaya yakan riƙe ɗaliban mastas da na digirin digirgir masu yawa, ga ajin 'yan digirin farko, ga tarurruka, ga nasa rubutun da ƙarin girmansa ya rataya a kai. Mu kuma muna da kunya iri biyu. Wani ba zai kira ba har wata shida, wai kada ya dami Malam. Wani kuma zai kira da tsakar dare. Tsakanin biyun akwai abin da ya fi: tun zaman farko a ce, “Allah gafarta Malam, yaushe ya fi maka sauƙi in riƙa kawo aiki, kuma ta wace hanya?” A rubuta gyaran da ya bayar, a yi shi duka, a dawo a kan lokaci. Malamai da yawa sun fi ba da hankalinsu ga ɗalibin da suka ga yana motsi.

Abin mamaki, mun gaji hanyar da ta fi wannan a karatunmu na zaure. Ɗalibin ilimi ba ya cewa zai tafi gari kaza kawai. Malami yake nema. Ya ji cewa wane shi ne gwani a fiƙihu, sai ya ɗauki Risala ko Muhtasar ya nufe shi. In nahawu yake so, ya san ƙofar da zai ɗauki Alfiyya ya zauna. Kafin ya je ya tambayi waɗanda suka yi karatu a wurin, ya san halin malamin, ya san lokacin da yake ba da karatu. Karatun bincike a jami'a haka yake. Sunan jami'a yana da amfani, amma mutumin da zai zauna da kai a kan aikinka ya fi shi. Kafin a sayi fom, a je sashen da ƙafa. A ga su wa ke nan, me suka rubuta, wa ke dab da ritaya, wa zai tafi hutun shekara. A nemi ɗaliban da suka gama a hannunsu a sha shayi da su. A shiga ɗakin karatu a ɗauko kundayen shekarun baya a karanta ko da biyar ne. Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru cike yake da su, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗora da yawa a intanet, mutum yana gida zai iya dubawa. Wanda ya karanta kundi biyar a fanninsa ya san girman abin da yake shirin ɗauka, ya kuma ga inda na gabansa suka tsaya.

Kuma tambayar da za a bincika ba sai an je nesa ba. Magabatanmu a wannan fage a ƙofar gida suka samo tasu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin ƙasar Katsina ya yi digirinsa na uku a Zariya, ya bi garuruwa yana zama da dattawa yana haɗa abin da suka faɗa da abin da ke rubuce, aikin ya zama littafi a 1981, har yau ana komawa gare shi. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya je har Jami'ar Indiana a Amurka, amma Mamman Shata ya nazarta, ya kammala a 1975. Farfesa Dalhatu Muhammad a Landan ya yi nasa a 1977, a kan Aƙilu Aliyu da fasaharsa. Mawaƙan da ake ji a rediyo da wuraren taro su ne suka zama abin nazarin digiri mafi girma. Yau ma kayan aikin suna nan jibge. Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, duk akwai takardun Larabci da na ajami da na zamanin Turawa da ke jiran mai karantawa. Yaran da suka yi allo da Islamiyya suna da mabuɗin da wasu ba su da shi, amma ba mu cika nuna musu hakan ba. Mai sha'awar noma ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Rijiyoyin unguwa da ke ƙafewa, tumatirin da ke ruɓewa a Kadawa lokacin kakarsa, matan da ke rasuwa wajen haihuwa, yaran da suka gama firamare ba su iya karatu ba, kowanne a cikinsu ya isa mutum ya ba shi shekara uku na rayuwarsa.

Lokaci kuma mukan yi masa lissafin takarda. An rubuta mastas shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, digirin digirgir uku, sai mu gina aure da neman aiki da komai a kan wannan. Amma mun gani da idonmu: yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ko babu yajin aiki, akwai jiran ranar gabatar da tsarin bincike, jiran kare kundi na cikin gida, jiran mai jarrabawa daga wata jami'ar, gyare-gyare, sannan jiran majalisar jami'a ta amince da sakamako. Kowace sabuwar shekarar karatu da ta shigo kana ciki, sai ka sake rajista ka sake biya. Kuma akwai iyakar shekarun da in ka wuce su za a iya soke gurbinka.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Kuɗin rajista kaɗai muke tarawa, in an biya sai a ce alhamdu lillahi an wuce wurin. Alhali abin da ke cin aljihu a hankali yake zuwa: kuɗin mota, data, buga babi a gyara a sake bugawa, zuwa ƙauyuka tattara bayanai da ɗan abin da za a ba masu taimakawa, sinadaran ɗakin gwaji da ɗalibin kimiyya kan saya da kansa, kuɗin buga maƙala a mujalla tun da sassa da yawa suna neman haka kafin a kammala. Wani dattijo a layinmu da ya yi ritaya daga koyarwa yakan ce da matasa, “Ɗana, duk abin da ka lissafa, ka ajiye wani kamarsa a gefe.” Ina ganin gaskiyarsa.

Tallafi akwai, amma kowanne da mutanensa. Na asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ba na kowa ba, kuma daga farkon 2025 an dakatar da ɓangarensa na tura malamai ƙasashen waje. Na asusun PTDF ya karkata ga fannonin man fetur da makamashi. Tallafin Chevening na Ingila na mastas ne na shekara ɗaya, yana neman mutum ya yi aiki na kimanin shekara biyu tukuna, kuma ya yi alkawarin dawowa gida. A Kano mun ga ɗalibai 501 da gwamnatin Kwankwaso ta tura waje a 2012, sannan shirin gwamnatin jihar na ɗalibai 1,001 na 2023 da ya kai yara Indiya da Yuganda. Irin waɗannan duka sakamako mai kyau suke nema, shi ya sa shirin mastas na gaskiya tun daga ajin farko na jami'a yake farawa, kuma ƙannenmu da ke can yanzu su ya kamata mu faɗa wa. Wanda kuma zai tura ɗansa waje da kuɗin aljihunsa, ya tuna cewa dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Gidaje da yawa sun ji wannan a jikinsu yaro yana tsakiyar karatu.

Akwai wani ɓangare da ba mu cika tattaunawa a majalisa ba, saboda waɗanda ya shafa ba sa zama a majalisar. Mata. A azuzuwan mastas na yau suna da yawa, kuma sau da yawa su ne kan gaba a jarrabawa. Amma shekarun wannan karatu su ne shekarun aure da goyo. Yarinya za ta fara tana gidansu, ta kai ga bincike tana da ciki, ranar kare kundi tana da jariri a baya. Na ji wata Hajiya maƙwabciyarmu tana ce wa surukarta, “'Yata, ki kawo mini yaran duk ranar da za ki shiga makaranta, ni ban samu na yi ba, ke ki yi mana.” Wannan magana ta fi kuɗin rajista daraja. Mijin da ya ce “na yarda” ya yi abin kirki, amma yardar tana da aiki a cikinta: haƙuri da abincin da ya makara, kai ta tasha da asuba, riƙe yara daren da take gyaran babi na huɗu. In ana maganar aure kuma yarinya tana da burin ci gaba da karatu, iyaye su faɗa a fili tun wajen neman aure, a san wane gari za a zauna, a san ko akwai jami'a kusa. Na ga haziƙai da suka bar aiki saura babi ɗaya saboda an yi wa miji canjin wurin aiki, babu wanda ya zauna ya yi tunanin yadda za a ƙarasa.

Dole in taɓo abin da kowa ya sani ake kuma yin shiru. A kusa da kowace jami'a akwai masu rubuta wa mutane kundi a biya su, yanzu kuma ga manhajojin waya da ke zubo shafuka cikin minti kaɗan. Na san abin da ke kai mutane can: gajiya, aikin ofis, wa'adi ya matso. Amma ranar kare kundi mutum shi kaɗai yake tsayawa, kuma tambaya biyu ta isa malamai su gane aikin ba nasa ba ne. Ko ya tsallake, abin da aka je nema bai samu ba. Wanda ya riƙe takardar da ke cewa ya iya bincike alhali bai iya ba, gobe shi za a ba ɗalibai ya duba musu aiki, shi za a ba shirin rigakafi ko na taki ya tsara. Cutar a kan 'ya'yanmu take komawa. Gara a nemi ƙarin wa'adi, gara a rage faɗin binciken zuwa abin da za a iya, da a sayi aikin wani.

Sannan in Allah ya sa an gama, an sa riga da hula an ɗauki hoto, akwai bashin da muke mantawa. Mutanen da aka je aka zauna a zaurukansu ana yi musu tambayoyi, manoma da ungozomomi da masu unguwanni da 'yan kasuwa, sun ba da lokacinsu da ruwan shansu kyauta. Wani abokina da ya je wani ƙauye tattara bayanai ya ce mai garin ya tare shi da tambaya: “Malam, wancan da ya zo bara ya rubuta maganganunmu, me ya gano? Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.” Kundin yana can a kan kanta, da Turanci, babu wanda zai karanta shi a garin. Ba abu ne mai wuya ba mutum ya taƙaita abin da ya samu a shafi biyu da Hausa, ya koma ya karanta musu a ƙofar mai gari, ya bar wa shugaban makarantar garin ko ma'aikacin asibitinsu kwafi. Gidajen rediyonmu kullum neman baƙi suke a shirye-shiryen noma da lafiya da tarihi, jaridar Aminiya ma tana buga irin wannan. Kuɗin motar komawa ƙauyen nan bai kai na ɗinke kundi da bango mai kauri ba.